Masu Amsa Gaisuwar Baba

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara.

Likita ya sa Alhamis za a yi wa Baba aiki, amma sai mun kawo mutum uku masu ba da jini. An ƙi nawa, wai na cika rama. Ke kuma kin yi nisa.

Akwai abin da na ɓoye miki. Kin san tun da ya rufe shagon gyaran agogo, kullum da safe shi ke faɗa, ni in rubuta a shafinsa na sada zumunta: barka ga wanda ya yi jika, sannu ga mai ciwon ƙafa. To, shekara biyu ke nan da maganarsa ta ɗauke, ni kuwa ban daina ba. Nakan zauna bakin taga ina kallon ƙananan hotunan masu amsa gaisuwarsa, ina ƙaga musu muryoyi, har in ji agogunan da ya gyara suna bugawa a ɗakunan da ban taɓa shiga ba.

Jiya na nemi jini da sunansa a shafin. Tsoro nake ji, Yaya. In ba su zo ba, babu aiki. In sun zo, asirina ya tonu.

Ƙanwarki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Ina gaishe ki. Yaya ciwon bayan nan, ya sake ki?

Ke mai cewa waya ta cinye ni, da ma kin ga barandar asibiti. Mutum tara, kowa ya fi hotonsa furfura. Har yanzu gani nake kamar mafarki. Sai dai tsufa ya sa an karɓi biyu kawai, saura ɗaya.

Can sai ga tsohon direban da ya fi kowa amsa gaisuwa, 'yarsa na riƙe da hannunsa. Kunya ta kama ni, na durƙusa na faɗa masa gaskiya. Kafin ya buɗe baki 'yar ta yi dariya har da hawaye. Ashe shekara uku ke nan ba ya gani, ita ke rubutawa. Mu biyu ne muke ta kiran juna "aminina".

Ba ta jira an roƙe ta ba, ta naɗe hannun riga ta shiga. An yi aikin, Baba ya farfaɗo, yana gaishe ki da ido.

Taki har kullum,
Auta