Saƙo ta kunnen jaki

Dakoro, daren Laraba, sha biyu ga watan Rajab

Yau kwana ashirin da rufe Yaya Idi a gidan kaso kan faɗan rijiya. Gardi mai tsaronsu ya hana kowa yi wa 'yan kaso magana, ko da sallama ce.

Da hantsi aka fito da su jan ruwan garkar kumandan, wato lambun mai mulkin gari. Na koro jakinmu bakin rijiyar kamar zan shayar da shi, na kama kunnensa na ɗaga murya: "Kai, tsaya ka ji! Inna ta samu sauƙi. Matarka Hadiza ta sauka lafiya, namiji ne. Ka daure, ba wanda ya manta da kai."

Gardi ya tuntsire da dariya ya ce, "Malam, ka zautu ne?" Na ce e.

Yaya bai ɗago kai ba. Amma igiya ta tsaya cak a hannunsa, sai da aka daka masa tsawa.

Yanzu zaure shiru, tabarmarsa na nan a naɗe. Jibi suna, kuma ban san sunan da yake so wa ɗansa ba. Jaki ya kai saƙo, amma bai dawo mini da amsa ba.