Rubutun da ke Ƙasan Talabijin

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, jiki yana ƙara ƙwari. Yaya 'yan biyu, yaya rashin barci? Yaya Umma da hidimar jikoki? Allah ya raya mana su.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun mijinki alhali ga waya. Kin san kunnen Baba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kara agogon mutane a kunne yana gano ciwonsu, ko a banɗaki na ɓoye na rage murya, ina fitowa zai ba ni amsar abin da na faɗa. Tunda mijinki yana biyowa ta nan duk mako saboda aikinsa, zan riƙa ba shi.

Aikin da kuka bar mini bai motsa ko nan da can ba. Na kai Baba wurin likita. Ya ce yanar da ke idon dama, wanda shi kaɗai ya rage masa, ta yi kauri sosai, ya sa ranar aiki Larabar ƙarshen wata, ya kuma faɗa a gabansa cewa idan aka sake ɗagawa idon zai iya tafiya gaba ɗaya. Baba ya yi ta gyaɗa kai yana godiya. Muna hawa mota ya ce ba ya zuwa. Ranar farko ya ce likitan yaro ne. Kashegari ya ce hannun likitan na rawa, wai a muryarsa ya ji. Jiya ya ce yana gani sarai, yana faɗa yana zuba sukari a gefen kofi.

Na ɗauki hutu a wurin aiki don in lallashe shi, sai ga ni na koma mai karanta talabijin. Na san suna kallon shirin otal ɗin nan bayan magariba, amma ban san Umma ce take karanta masa rubutun fassarar da ke gudu a ƙasa ba, tunda da harshen waje suke magana. Ranar da na iso ya nuna mini kujerarta, ya ce in zauna in fara.

Yaya, shirin ba komai ba ne sai kisa da cin amana. Tsohon mai otal ɗin, wanda Baba yake kira Dattijo, ya mutu tun bara, surukinsa mai gashin baki ne ya sa masa guba. Ni kuwa abin da na gani a rubuce shi na karanta. Ban kai ko'ina ba Baba ya ɗaga hannu ya ce in daina yi masa ƙarya. Wai Dattijo yana nan da ransa, ya tafi jinyar gwiwa ne, kuma yana aiko da saƙo duk mako. Wai Mai Gashin Baki mutumin kirki ne, ciwon ciki ne yake sa shi ɗaure fuska. Na rantse masa ga hoton mamacin can a bangon otal ɗin da baƙin ƙyalle, ya ce a kashe talabijin, ya shige ɗaki ko shayinsa bai ƙarasa ba.

Don Allah ki tambayar mini Umma, wane labari ta daɗe tana ba wa wannan bawan Allah? Ki gaishe ta duk da haka, ki shafa mini kan yaran.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yayata ta kaina,

Sallama da fatan alheri. Ina fatan zazzaɓin da kika ce ƙaramin ya yi ya sauka, ku ma kuna lafiya.

Na ga amsarki. Wato Umma dariya kawai ta yi, ta ce in bar mata shirinta sai ta dawo. To madalla. Ita tana can tana wasa da jikoki, ni ina nan da mutumin da ya daina yi mini magana sai da kai da hannu.

Kwana biyu ba mu kunna ba. Ranar Asabar ne ya ɗan sake, da aka maimaita tsohon shirin nan na masu aski, mai hoto baƙi da fari. Kin tuna shi? Wanda ake tura ki waje ki juya eriya, mu muna ciki muna yi miki ihun ya yi, ya tafi, ki dawo kin rasa wurin dariyar kina kumbure-kumbure. A wannan shirin Baba ba ya buƙatar kowa. Yana faɗin magana kafin mai askin ya faɗa, yana fara dariya kafin mutanen cikin akwatin su fara. Har ni na yi dariya a wurin da aka aske wa ango rabin kai wuta ta ɗauke, ko da yake na gan shi ya fi a ƙirga. Na ce bari in yi amfani da wannan sakin fuskar, na ce masa da an gyara idon da ya sake ganin fuskokinsu. Ya ce ya san fuskokinsu, duk sun mutu, ba abin da ya canza a jikinsu.

Na gwada nuna masa irin waɗanda nake kallo a waya, na 'yan sanda da na asibiti. Da ya ji cewa nakan cinye shiri guda a hutun ƙarshen mako, sai ya ce wannan ba kallo ba ne, haɗama ce. A wurinsa shirin da ba a jira shi ba, ba a yi gardama a kansa da maƙwabta ba, bai cika shiri ba.

Da na ga ba mafita, na ce to ni ma bari in yi irin ta Umma. Na kunna shirin otal, na ce masa ni ce na rikice, Dattijo yana gaisuwa daga asibiti. Yaya, ashe ƙarya ma sana'a ce. Ya tambaye ni wace gwiwar, na ce ta hagu, ya ce ta dama ce. Ya tambaye ni ko mai wanke-wanken otal ta ga kyanwarta da ta ɓace. Babu wata kyanwa a shirin nan, na duba tun daga farko a waya. Matar da yake nufi kuwa ita ce ta sayo gubar.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne labarin autar Dattijo. A rubuce lauya ce mai zafin nama. A bakin Umma kuwa yarinya ce da ta tafi aiki wani gari, ba ta kiran gida sai an neme ta, kuma ko ruwan zafi ta ɗora sai ya ƙone. Baba ya zayyano mini wannan fuskarsa ba ko murmushi. Ki faɗa wa Umma saƙo ya iso.

Laraba tana ta matsowa, ni kuma ina nan ina neman kyanwar da ba a taɓa haifa ba. Wallahi na gaji, kuma tsoro nake ji. Jiya ya yi karo da ƙofar kicin da ke buɗe, ya ce iska ce ta turo ta.

Ki gaida kowa.

Taki,
Auta

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya ke da yara da Umma. Wannan takardar ki karanta ke kaɗai, kada ki bar ta a kan gado.

Shekaranjiya na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga wa Baba murya. Ana cikin shirin, an nuno jana'iza, mata suna kuka, ni kuma ina ce masa biki ne, kukan murna suke yi. Sai ya ce in huta haka nan, ban iya ba. Ya ce ya san kiɗan mutuwa idan ya ji shi, kuma ya san Dattijo ya mutu tun ranar da muryarsa ta ɓace. Ya ce idonsa ne ya lalace, ba kunnensa ba.

Na miƙe tsaye. Na ce to don me ya wahalar da ni, don me ya ƙaryata ni ranar farko? Ya ce don ya ga na shigo da ƙarfina zan rushe wa Umma ginin da ta daɗe tana yi.

Ga abin da ya faɗa mini. Da can Umma daidai take karantawa. Wajen shekara biyu da suka wuce ta fara tsallake layi, ta fara matso da kujera, ta fara cewa masu shirin sun ƙanƙance rubutu. Wata rana ya ji ana faɗa a talabijin, ita kuma tana ce masa gaisawa suke yi. A nan ya gane cewa ta daina ganin ƙananan rubutu. Hoton take kallo ta ƙirƙiro sauran. Kin san Umma, gara ta faɗi a titi da ta ce ba ta iya ba, balle ta ce wa mijin da ya dogara da idonta nata ma ya gaza. Shi kuma ya yi shiru. Ya ce da farko tausayi ne, daga baya kuma ya ga labarinta ya fi na masu shirin daɗi nesa ba kusa ba.

Dalilin ƙin aikin ke nan. Babu ruwan likita yaro, babu ruwan rawar hannu. Idan aka gyara idon zai ga rubutun, ita kuma za ta san ya gani, daga ranar ba za ta sake buɗe baki a gaban talabijin ba. Ya ce ya fi son ya zauna a duhu tana ba shi labari.

Yaya, ban san lokacin da na fara faɗa ba. Na ce wannan ba ƙauna ba ce, taurin kai ne na mutum biyu. Ɗaya ba ya ganin hoto, ɗaya ba ta ganin rubutu, kowa yana rufa wa ɗan'uwansa asiri, gida kuma cike da kwalaben magani. Na ɗauko masa kwandon magungunansu na zube a kan tebur. Umma ta ɗaura wa kowace kwalba zare mai launi daban, ja na safe, shuɗi na yamma, don ba ta iya karanta sunayen. Da ma na gan su tun zuwana, na ɗauka kwalliya ce irin tata. Na sa masa zaren a hannu ya shafa. Na tambaye shi ranar da aka canza musu kwalba, ko zare ya kunce, wa zai karanta wa wani a cikinsu?

Ya daɗe yana murza zaren nan a yatsunsa. Ni kuma na shiga kicin na yi kukana, na ƙona ruwan shayi don kada Umma ta zama maƙaryaciya.

Har yanzu bai ce zai je ba, bai ce ba zai je ba, kuma aikin jibi ne. Ki miƙa wa Umma kwalin maganin yara kamar da wasa, ki ce ta duba miki yadda ake sha, ki ga abin da za ta yi. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

*

Zuwa ga Yayata abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ki da 'yan biyu da babansu. Na san kin ji a waya cewa an yi aiki lafiya, amma sauran bayanin ba na waya ba ne, yanzu ma da Baba ya haɗa ido da kunne.

Ranar Laraba na fito da niyyar sabon faɗa, na tarar da shi a bakin ƙofa ya sa hula, yana tambayata me nake jira da ban shirya ba. Likitan da ya ce yaro ne yanzu ya zama ɗan albarka. Da aka cire bandeji abin da ya fara gani ni ce, abin da ya fara faɗa kuma wai na rame kuma ɗankwalina bai dace da rigata ba. Na gode Allah, na kuma yi haƙuri.

Na ga abin da kika rubuta game da Umma, cewa ta juya kwalin ta ce hasken ɗakinku ne ba kyau. Kin kyauta da kika ce ke ce za ki gwajin ido ta raka ki, har aka gwada nata a can. Tabarau ɗin da aka ba ta ki ce na ɗinki ne, don sa zare a allura. Baba ya ji daɗi sosai, ya ce ko ba komai maganinsu ya tsira.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Da likita ya ba shi izinin kallo kaɗan-kaɗan, na kunna masa shirin otal, na koma gefe in ga yadda za ta kaya. Ya kalli Mai Gashin Baki, ya ce lallai wannan ba ciwon ciki ba ne. Ya karanta layi biyu, ya ce in kashe. Ya buɗe tsohon akwatin aikinsa da ya daɗe a ƙarƙashin gado, ya fito da rula da ɗan almakashi, ya aike ni shagon mai gyaran wuta in sayo baƙin salatif. Da hannunsa ya auna, ya yanka, ya liƙe ƙasan gilashin talabijin daga wannan gefe zuwa wancan, daidai inda rubutun yake bi. Ko harafi ɗaya ba ya leƙowa. Na ce zan taya shi, ya ce hannuna ba ya tafiya a miƙe.

Na ce masa ai yanzu Umma tana da tabarau, za ta iya karantawa da kanta. Ya ce shi ya sa. Idan ta karanta za ta ga Dattijo ya mutu, ita kuma ba ta gama da shi ba. An umarce ni in ce ƙasan talabijin ɗin ne ya lalace yana walƙiya, likita kuma ya hana shi kallon walƙiya. Ke ma haka za ki faɗa idan ta tambaya. Kin ga yanzu gidan gaba ɗaya mun zama maƙaryata saboda tsoho mai ciwon gwiwa da kyanwar da babu ita.

Hutuna ya ƙare, ranar Lahadi zan koma. Ki sa Umma a motar mijinki ranar Asabar, kada ki riƙe ta. Tun ranar da ya liƙa salatif ɗin bai sake kunna shirin ba. Kullum bayan magariba sai ya goge kujerarta, ya gyara mata matashi, ya zauna a tasa yana kallon ƙofa. Ya ce ki faɗa mata ta yi sauri, an bar Dattijo a asibiti ba mai kawo labarinsa.

Ki shafa mini kan yara. Ki kuma ce wa Umma autar mai otal za ta riƙa kiran gida.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta