Gorar Ruwan Direba

Zuwa ga ƙanen mijina, Dogo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Ya aikin katako? Har yanzu ina jiran kujerar da ka yi min alkawari tun ina amarya.

Bayan haka, yayanka ba shi da lafiya. Ya hana ni faɗa, amma ka san bakina. Tun bara na lura gorar ruwan da nake cika masa kafin ya fita da bas tana dawowa a cike. Ashe fitsari ne ke matsa masa, fasinjoji suna ta mitar yawan tsayawa, har abokan aikinsa suka laƙaba masa Mai-birki. Sai ya yi wa kansa magani, ya daina shan ruwa a hanya. Tsayawa ta ragu, ya ce ai ya warke.

'Yarmu ta yi ta roƙonsa ya je gwajin jinin nan na tsokar da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. Ya ce shi ba ya kwance wando gaban kowa. Sai da ciwon baya ya hana shi hawa kujerar mota muka kai shi asibiti. Dogo, hannun riga kawai aka naɗe masa! Ɗan jini a sirinji, shi ke nan. Sakamakon bai yi wa likita daɗi ba, aka ƙara bincike, aka ce sankara ce, har ta shiga ƙashi.

Ka zo. Ba zai kira ka ba, amma idonsa na kan ƙofa.

Ka gaida mutan gida.
Matar yayanka.

Dogo,

Ina gaisuwa, da fatan kun isa gida lafiya. Ya ƙarin haƙuri? Ni dai ga ni nan. Da asuba hannuna kan kai ga gorarsa kafin in tuna, sai in zauna in yi kukana.

Amma ba kuka ya sa na rubuto ba. Kwanakin da ka yi a nan ina lura da kai. Kofin ruwan da nake ajiye maka, kurɓi ɗaya kake yi ka ture. Ana tsakiyar karɓar gaisuwa ka tashi ka zagaya, ka dawo, ka sake tashi. Na ji ka ce wa maiɗakinka sanyi ne. Shi ma haka ya ce min.

Likita ya ce ɗan'uwan mai wannan ciwo ya fi wasu kusa da kamuwa da shi. Ya kuma ce sau da yawa kumburin tsokar nan ne kawai saboda shekaru, ko ma sankarar ce, in an gano da wuri ana samun sa'a.

Ga gorarsa nan na aiko maka. Ka cika ta, ka sha, ka je a naɗe maka hannun riga. Na yafe kujerar. Kai kaɗai ka rage wa yaran nan da za su kira Baba.

Allah ya ba ka lafiya.
Matar yayanka.