Kyandir Kafin Ka Sauka

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar taka? Yaya Goggo Pilar da 'yan yankan inabi?

Ni lafiya lau nake a Hamburg. Aikin gidan abincin ba laifi, tsayuwa ce dai. Barci ne kawai ya ƙaurace mini tun da kaka ta kama.

Jiya wani ya sa na buɗe masa jar giyar yankinmu na Ribera, ta inabin tempranillo irin namu. Ya shinshina, ya ce, "Kai, ji ƙanshin itace!" Sai ya ce a kawo kifi. Kifi fa, Baba! Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ɗan rago take so, gasasshe a garwashin rassan inabi." Ni kuwa ƙanshin kogonmu na ƙarƙashin ƙasa, inda muke tsima giya, na ji.

Na san yanzu inabi na tsima a can ƙasa, muguwar iskar nan mai shaƙe mutum ta taru. Goggo ta ce da fitilar waya kake sauka, kana cewa, "Hancina ya fi kyandir." Haba Baba! Iskar ba ta da wari, ka fi ni sani. Ita ta ɗauke mana Kawu Fermín. Fitilar waya kuwa ba ta mutuwa ta gargaɗe ka.

Don Allah ka kunna kyandir, ka riƙe shi ƙasa-ƙasa. In ya mutu, ka juyo.

Ka ajiye mini kwalba ɗaya ta bana. Kai nake so ka buɗe mini ita da hannunka.

'Yarka,
Casilda