Walƙiyar da Kuka Sa a Wasanku Ta Kayar da Yayana

Zuwa ga Injiniya Ishaya, shugaban kamfanin da ya ƙera wasan bidiyo na Ƙetaren Gamzaki, Majidaɗi, Jalingo.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka. Ni ce Malama Dija Hammadikko ta Mayo Gwoi, wadda ta koyar da kai Fiziks a sakandare. Ban so maganarmu ta fito fili ba. Sau biyu na rubuto maka, ba amsa. Sau uku na zo ofishinka, kullum sai a ce ka yi tafiya, alhali motarka tana ajiye a ƙofa. Yanzu kuma na ji za ku fara zagaya makarantu da wasan nan mako mai zuwa, don haka shiru ya ƙare mini.

Na farko, bari in tuna maka yadda aka fara. Kai ka zo gidana, ka zauna a tabarma kamar da, ka ce kuna haɗa wasan da jirgi zai riƙa tsallakawa daga tauraro zuwa tauraro da gudun da ya fi na haske, kana so abin da ɗan wasa zai gani ya yi kama da gaskiya. Na faɗa maka babu wanda ya taɓa yin wannan gudun, kuma iliminmu bai ce zai yiwu ba. Amma mun san abin da ido zai gani idan jirgi ya doshi gudun haske. Taurari ba za su zama dogayen layuka suna wucewa ta gefe ba. Za su tattaru a gaba kamar an kora su lungu ɗaya, launinsu ya koma shuɗi, na baya kuma su yi ja su dushe har duhu ya rufe. A ƙarshe abin da zai saura a gaban matuƙi shi ne wani dunƙulen haske mai laushi, kamar fitila a bayan labule. Wata huɗu ina zuwa wurinku bayan an tashi makaranta, ina zana muku wannan a takarda, masu zanenku suna gyarawa. Ranar da na ga abin a kwamfuta yana tafiya a hankali yadda muka tsara, har ƙwalla na yi.

Na biyu, tun a lokacin wani daga cikin ma'aikatanka ya ce abin ya yi sanyi da yawa, a ƙara masa walƙiya. Na hana, kuma na faɗi dalili a gabanka. Haske mai ƙyaftawa da sauri, fari da ja, yana iya tayar da farfaɗiya ga wasu mutane. Na ce maka a gidanmu ma akwai mai ita. Ka ce in kwantar da hankalina, ba za a sa ba.

Na uku, ranar Asabar ɗin da kuka ƙaddamar da wasan a zauren taro na Barade, na gayyaci yayana, Hamma Sa'idu. Direba ne a wata ma'aikata. Ya yi fama da farfaɗiya yana saurayi, amma ya fi shekara goma sha biyar bai faɗi ba, yana shan maganinsa, yana riƙe da iyalinsa. Bai san komai game da wasan bidiyo ba. Ya zo ne kawai don an ce sunan ƙanwarsa zai fito a bango. Ya sa farar rigarsa, ya zauna a layin gaba kusa da ni. Aka rufe tagogi, aka kunna majigi. Da jirgin ya tashi tsallakawa, maimakon abin da muka tsara, sai bangon gaba ɗaya ya kama walƙiya, fari da ja, fari da ja, ba tsayawa. Na juya don in rufe masa ido, na tarar jikinsa ya riga ya sandare. Ya faɗo daga kujera, goshinsa ya bugi ƙarfen da ke gaba.

Injiniya, kana kan dandamali, ka gani. Mutane suka watse daga gare shi, wasu suna cewa kada yawunsa ya taɓa su, wata tana cewa aljanu ne. Ina ihu a kashe majigin, mai kula da shi yana kallonka yana jiran umarni. Wata nas da ban sani ba ce ta durƙusa ta juya shi a gefe, ta tallafe masa kai. Muna fita da shi jini na zuba a rigarsa, na ji an ci gaba da taro.

Na huɗu, abin bai tsaya a ɗinkin goshi ba. Wani ya ɗauki hoton faɗuwar da waya, ya kai ga shugabannin ma'aikatarsu. An karɓi makullin mota daga hannunsa. Ban ga laifinsu ba, kuma likita ma ya ce ya dakata da tuƙi sai an ga yadda jikin zai kasance. Amma mutumin da bai taɓa yin ko ƙaramin hatsari da mota ba yanzu yana wuni a benci a bakin ofis, abokan da yake cin abinci da su sun koma kawo nasu kwano daban. Likitan ya tambaye ni ko an yi gargaɗi kafin a nuna abin. Na ce ba a yi ba, alhali a ƙasan tallarku sunana ne a rubuce, wai ni na tabbatar da cewa haka kimiyya ta ce.

Ga abin da nake nema. Ku dakatar da zagayen makarantu har sai kun cire walƙiyar nan. A aji mai cike da yara ba ka san wa ke ɗauke da wannan ciwo ba, wani ma iyayensa ba su sani ba tukuna. Idan kun nace sai kun bar ta ga masu so, to ku sa gargaɗi da Hausa da Turanci kafin wasan ya buɗe, da wurin da mutum zai kashe ta. Ku cire sunana daga tallarku, domin abin da kuke nunawa ba aikina ba ne. Sannan ka rubuta wa ma'aikatar Hamma takarda da hannunka, ka bayyana abin da aka haska masa a ido ranar nan, don a haɗa da rahoton likita. Idan kuma kana da sauran kunya, ka je ka gaishe shi. Shi bai riƙe ka ba, jiya ma cewa ya yi in bar maganar. Ni ce na ƙi.

Ina sanar da kai tun yanzu, idan ba a gyara ba, duk makarantar da kuka nufa zan riga ku isa ofishin shugabanta, in faɗa masa abin da idona ya gani.

Allah Ya shiryar da kai, Ya sa albarka a basirar da Ya ba ka, Ya tsare ka da ganin naka a ƙasa mutane suna ja da baya.

Wassalam.

Malama Dija Hammadikko,
Mayo Gwoi, Jalingo.