Rubutun Babana, Tsakanin Shafin Kyauta Da Na Biya

Assalamu alaikum ƴan uwa na wannan zaure. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana, Damagaram ba ta da girma idan ana maganar dangi, mutum ɗaya ya gane ni shi ke nan kowa ya ji. Don Allah ku ba ni shawara, yau kwana huɗu ke nan ko abinci ba ya shiga mini yadda ya kamata, kuma abin da ke damuna wani zai ji ya ce wannan ai ba matsala ba ce, shi ya sa ko ƙawayena na kasa faɗa wa.

Ni mace ce, ina da aure da ƴaƴa uku, ina aikin sakatariya a wani biro, wato ofis, nan Zinder. Babana tsohon mushe ne, wato malamin makarantar boko, ya koyar a lakwal fiye da shekara talatin kafin ya yi retret ya ajiye aiki. Asalinmu Barebari ne, kakansa ne ya zo daga Borno da fatauci ya zauna a unguwar Birni. Tun ina ƙarama na san Baba da wata ɗabi'a, duk ƙauyen da aka kai shi aiki, Zermu ce, Gaffati ce, Guna ce, da an tashi lakwal sai ya ɗauki kaye, wato littafin rubutu, da bik ɗinsa na rubutu ya je ya zauna wajen tsofaffi. Wa ya haƙa rijiyar nan, me ya sa ake kiran unguwar can da wannan suna, daga ina masaƙan garin suka zo, wa ya haifi wa. Haka ya tara kaye cike da akwatin ƙarfe, wani da Hausa wani da Faransanci, kuma yawancin tsofaffin da suka ba shi labarin duk sun riga mu gidan gaskiya.

Shekara biyar da suka wuce ya samu shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama ya daina aiki, magana sai da ƙyar, sai wanda ya saba da shi ke gane abin da yake cewa. Mutumin da ba ya zama wuri ɗaya ya koma daga ɗaki sai tabarmar tsakar gida, na ga yana ta ramewa ba don ciwon kaɗai ba. To ni dai bugun rubutu ne sana'ata, sai na ce bari in dinga buga kayen nan a ordinate, wato kwamfuta, ina sawa a intanet ko zai ji sanyi. Na buɗe bulog a ɗaya daga cikin dandalin nan na kyauta, waɗanda ba ka biyan ko dala, sai dai sunan shafinka yana manne da nasu. Ban yi shawara da kowa ba, a lokacin ban ma san akwai wata hanya ba.

Wallahi ban taɓa zaton abin zai kai inda ya kai ba. Mutane suka fara rubuto mana daga Agadas, daga Kano, daga Libiya. Akwai wani mutumin Guna da ke aikin gini a Libiya, ya ce ya ga sunan kakansa a labarin rijiyar garinsu, shi bai taɓa sanin kakansa ne ya fara haƙa ta ba, ya ce ya karanta wa abokan aikinsa har sau uku. Ranar da na karanta wa Baba wannan saƙo sai da ya yi hawaye. Daga nan ya zama duk Asabar da Lahadi ina gidanmu, in zauna gefensa da salula ina karanta masa abin da mutane suka rubuta, shi kuma yana gyara mini inda na yi kuskure. Innarmu ta ce tun da ya kwanta ba ta ga abin da ke sa shi ya nemi a sa masa hula ya tashi zaune ba sai wannan.

Matsalar farko ta zo bara. Na buɗe shafin wata safiya sai na ga an rufe, wai an same shi da saɓa dokokinsu. Wace doka, ba su faɗa ba. Na rubuta musu sau nawa, amsa ɗaya ke dawowa da Turancin Ingilishi, da gani ka san na'ura ce ba mutum ba. Kwana tara shafin yana rufe. Abin da ya fi tayar mini da hankali, a daminar da ta gabata ɗakin da akwatin yake ya yi yoyo, ruwa ya shiga, kaye shida suka lalace har ba a iya karanta su, kuma ban faɗa wa Baba ba har yau. Abin da ke cikinsu a shafin nan kawai yake. Ranar Asabar da ya tambaye ni me mutane suka ce, na ce masa rezon intanet ce ba ta da kyau a satin. Ƙarya na yi wa mahaifina yana kwance, Allah ya yafe mini. Rana ta goma shafin ya dawo haka kawai, ba bayani ba ban haƙuri. Ranar na kwashe komai na zuba a kile guda biyu, ƴan ma'ajiyar nan da ake soka wa ordinate, ɗaya a gidana ɗaya a biro, amma tsoron bai fita daga raina ba.

Ta biyun ita ce ta kawo ni nan. Ashe tunda kyauta ne, su suke sa tallar da suka ga dama a jikin rubutun, kuma ba iri ɗaya kowa ke gani ba. Ni a ordinaten biro da wayata ba na ganin komai sai tallar salula da makamantansu. Satin da ya wuce wani ya ɗauki hoton shafin daga wayarsa ya tura wa ƙanen Baba, wanda muke kira Baba Ƙarami, ɗan kasuwa ne kuma shi ke riƙe da gidan tun da Baba ya kwanta. Rubutun a kan wani babban malami ne na Zermu da ya karantar da kakanmu, a tsakiyarsa ga tallar caca ta ƙwallo, da hoton wata mace da ba zan iya kwatanta shigarta a nan ba. Sunan Baba a sama, ita a ƙasa.

Baba Ƙarami ya kira ni shagonsa, a gaban mutane ya yi mini faɗan da tun ina budurwa ba a yi mini irinsa ba. Ya ce na mai da sunan yayansa abin neman kuɗi, ina cin haram da sunan malamai, ya ce dama ya san ba a banza nake wannan wahalar ba. Na rantse masa ko tamma ba ta taɓa shiga hannuna ba, masu dandalin ne ke sa tallar su ke cin kuɗin, ya ce to wannan ya fi muni, wato na ba wasu aron mutuncin gidanmu kyauta. Bai tsaya nan ba sai da ya kira maigidana, shi kuma dama ya gaji da yadda Asabar da Lahadina ke tafiya, ya ce in goge abin gaba ɗaya kowa ya huta. Ƙarshe Baba Ƙarami ya ce ya ba ni zuwa Juma'a, idan ya sauko daga masallaci zai biya gidanmu, in shafin yana nan yadda yake zai nuna wa Baba hoton da hannunsa. Baba yana da tansiyo, wato hawan jini, likita ya ja mana kunne a kan duk abin da zai tayar masa da hankali. Har yanzu bai san da maganar tallar ba.

Akwai wani abokin aikina a biro, shi ke kula da ordinatocinmu, mutum ne mai hankali. Na kai masa kukana, ya ce Madam mafita ɗaya ce, ki yi naki shafin. Ki sayi suna naki na kanki, ki kama wurin ajiya a wajen kamfanin da ke bayarwa, kina biya duk shekara. Ba mai sa miki talla, ba mai tashi ya rufe miki rana ɗaya, yadda kika so haka zai kasance. Ya nuna mini irinsa a ordinate, tsaf, ba komai sai rubutu. Wallahi raina ya so, har na fara tunanin sunan da za a sa, sunan Baba.

Sai dai da muka zauna ya yi mini bayani dalla-dalla jikina ya yi sanyi. Kuɗin ba su fi ƙarfina ba idan na matse, amma ana biya ne da katin banki mai aiki a waje, ni ba ni da shi, sai dai a biya da nasa. Kuma abin yana son kulawa, ana sabunta shi, ana tsare shi daga masu kutse, in ya lalace ba wanda zai gyara sai kai. Ni bugun rubutu kawai na iya. Shi kuma afektasiyon ɗinsa ta fito, an canza masa wurin aiki, bayan wata biyu zai koma Yamai. Ya ce zai dinga taimaka mini daga can, na yarda da niyyarsa, amma na san yadda aiki da iyali ke cinye mutum.

Sannan ya faɗa mini wani abu da ya ce amana ce ba zai ɓoye mini ba. Ya ce akwai wani malaminsu da ya yi irin wannan shafin da sunansa, ya shekara da shekaru yana rubutu, da Allah ya yi masa rasuwa ba wanda ya san ana biya, lokaci ya wuce, rubutun ya ɓace gaba ɗaya. Sunan kuma wasu suka saye. Yau idan ka buga sunan mamacin nan, shafin caca ne ke buɗewa. Ya ce na kyauta duk da halinsu, sau da yawa ko mai shi ya mutu rubutun yana nan zaune, na biya kuwa ranar da aka daina biya ranar ya mutu. Tun da na ji wannan nake tambayar kaina, in na faɗi yau wa zai biya? Maigidan da ya ce a goge? Baba Ƙarami? Ƴaƴana babbarsu ko kolej ba ta shiga ba.

Na san wasu za su ce ai masu dandalin kyautar ma suna cire talla idan ka biya su. Na duba, haka ne. Amma katin nan dai shi ne, kuma ina nan dai a hannunsu, gobe na'urarsu ta sake rufewa wa zan kama? Sannan in na tashi na koma sabon wuri, mutanen da suka saba da tsohon adireshi fa, akwai tsofaffin da jikokinsu suka ajiye musu shi a waya, ba su san wani abu wai shi neman sabon shafi ba. Abokin aikina ya ce rubutun zai kwasu, amma bai yi mini alkawarin duk saƙonnin mutane za su biyo ba, su ne kuwa abin da Baba ya fi so.

Ranar Lahadi na ɗan gwada Baba ba tare da na faɗa masa dalili ba. Na ce Baba, da za mu sauke rubutun nan daga intanet mu buga shi a takarda mu ajiye a gida, ya ka gani? Ya dube ni. Sannan a hankali, kalma ɗaya ɗaya, ya ce, "Uwata, mutanen nan ba ajiya suka ba ni ba. Cewa suka yi in faɗa." Uwata yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni. Na ce to Baba, na tashi na shiga ɗakin Inna kamar zan ɗauko wani abu, don kada ya ga idona.

Jiya Talata na biya gidan bayan an tashi aiki. Ina shirin tafiya ya yi wa Inna alama, ta ɗaga katifarsa ta ciro wani kaye da ban taɓa gani ba, ashe ba ya cikin akwatin, shekara da shekaru yana ƙarƙashin kansa. Labarin mahaifinsa ne, tun daga tasowarsa har ranar da ya rasu a hannunsa. Ya ɗora mini a cinya da hannun hagu ya ce, "Wannan ne na ƙarshe. Ki sa, in ji abin da za su ce."

To ƴan uwa ga inda nake. In zauna a na kyauta in biya a cire tallar, ina zaman jiran ranar da za su sake rufewa? Ko in yi nawa da sunan Baba, in ɗauki nauyin da ban iya ba kuma ban san wanda zai ɗauka bayana ba? Masu ilimin abin nan, akwai yadda ake biyan shekaru da yawa a lokaci ɗaya, ko yadda ake riƙe biyun tare ba tare da tallar ta ci gaba da fitowa a tsohon ba? Kuma wanne zan iya gamawa kafin jibi? Sannan ku faɗa mini tsakani da Allah, in riga Baba Ƙarami in faɗa wa Baba komai da bakina, tallar da rufewar da kayen da ruwa ya ci, ko in je in durƙusa wa Baba Ƙarami ya ƙara mini lokaci?

Kayen yana cikin jakata yanzu haka da nake rubuto muku. Na karanta shi sau biyu, ban buga ko layi ɗaya ba, don ban san a ina zan sa kakana ba. Don Allah wanda zai zage ni ya yi haƙuri ya bari sai bayan Juma'a, yanzu shawara nake nema.