Amsar Yaya Tana Wayar Hinde

Karaye, daren Talata

Yau aka yi sadakar ukun Yaya Sale a Jajaye. A can matarsa ta ce mini, "Malam, ya amsa saƙonka fa. Ranar Juma'a ya wuni yana duban ƙofa."

Kwana goma ke nan da na tura masa saƙo, da rubutuna na ɗan aji uku, ya yafe mini rigimar iyakar gona. Na ji shiru, na yi zuciya. Ko da aka ce yana kwance ban je ba.

Ina dawowa na kai ƙaramar wayata, 'yar rakani-kashi, wurin mai gyara. Ya ce lafiyarta ƙalau, wa ke zare layin? Na ce matata Hinde, layinmu ɗaya, da yamma takan sa a tata. Ya ce, "Baba, saƙo a wayar da ya tarar da layi yake zama."

Hinde ba ta karatun boko. Na buɗe tata, ga shi:

"Na yafe, sarkin surutu. Taho Juma'a, ka zo da goro."

Goro kam na kai, yau da safe. Shi aka raba wa masu gaisuwa.